Kitson da Yaya Ba Ta Ƙarasa Ba

"Ki cire ɗankwalin mana mu gani!"

Ban ma gama juyowa ba na ji an fizge shi daga kaina.

Shagon kitsona ya yi tsit. Na'urar busar da gashi kaɗai ke gurnani a kan wata mata, ita ma sai da ta leƙo. Matajin da ke hannuna ya faɗi ƙasa.

"Gwaggo, kin gani da idonki ko? Ba na faɗa miki ba?"

Mai Gashin Doki ce, 'yar ƙanin Hajiya. Haka muke kiranta a layinmu, don ba wanda ya taɓa ganin gashin da Allah ya ba ta. Tun da aka tsayar da maganar aurena da ɗan gwaggonta ta daina amsa gaisuwata.

Hajiya kuwa, uwar mijin da zan aura, tana tsaye a bakin ƙofa. Ba fuskata take kallo ba. Ƙeyata take kallo ta cikin madubi.

Duk kaina a kitse yake tsaf, ƙanana ƙanana. Amma can ƙasa, a tsakiyar ƙeya, akwai guda ɗaya da ba ya kama da sauran. Ya cukurkuɗe, ya daskare kamar tsohuwar igiya, ya yi ja. Daga rabinsa an ɗaure shi da koren zare wanda ya koɗe.

"Mene ne wannan, 'yar nan?"

"Kitso ne, Hajiya..."

"Kitso? Tun yaushe?"

Na sunkuyar da kai.

"Ai ba za ta faɗa ba!" in ji Mai Gashin Doki. "An ce masu shi ne ba sa so a taɓa. Mutanen ɓoye, Gwaggo! Ko ita da take tsefe kan jama'a me ya hana ta tsefe nata?"

Hajiya ta matso a hankali ta miƙo hannu.

Wallahi ban san lokacin da na yi baya na bugi madubi ba.

"Kar ki taɓa!"

Da ƙarfi na faɗa. A gaban mutane. Ga Hajiya.

Ta janye hannunta kamar ta taɓa wuta, ta gyara mayafinta.

"To. Ɗana ba zai kawo min abin da ban san kansa ba cikin gida. Ko a tsefe, ko a yanke, ko a fasa. Zaɓi ya rage naki."

Suka fita. Mai Gashin Doki ta jefo min ɗankwalina a ƙasa.

Na durƙusa zan ɗauka, sai na ji shi.

Ƙamshin man zaitun da kanumfari.

Man kitson Yaya.

*

Yaya ce ta koya min kitso, shagon ma nata ne. Bahagiya ce, don haka kitsonta hagu yake kwanciya, ko a cikin taro ka hango kai ka san hannunta ne. Kullum tana cewa kan mace ba wurin gwaji ba ne: ba ta sa man da ke miƙar da gashi, ba ta ja har idon mutum ya tsaya, ba ta yarda da gashin kanti. Mai, mataji mai faɗin haƙori, da haƙuri. Shi ke nan.

Tun ina yarinya ba hannun da ya taɓa kaina sai nata.

Da ciwo ya kwantar da ita, wata rana da yamma ta ce in zauna a gabanta. Na ce ta bari ta ji sauƙi. Ta ce, "Auta, kanki ya yi kama da sheƙar tsuntsu, ina kunyar a ce ƙanwata ce."

Ta kitse duka tana hutawa. Da ta zo na ƙarshe, na ƙeya, ta kai rabi, sai hannun ya fara rawa. Ta zaro zare daga bakin koren mayafinta ta ɗaure.

"Ki bar shi haka. Gobe zan ƙarasa."

Goben ta zo, Yaya ba ta zo ba.

Sama da shekara ke nan. Sauran kan ina tsefewa, in wanke, in kitse da kaina a gaban madubi biyu. Wannan kuwa na kasa. In shago ya yi shiru da tsakar rana, nakan ji an ja shi kaɗan, irin jan da take yi in na fara gyangyaɗi. Nakan ɗago da sauri in duba madubi.

Kujerarta ce kawai a bayana.

Ba kowa. Amma ban taɓa yarda ba kowa ba.

*

Shagon askin mijin da zan aura yana kallon nawa, titi ne kawai a tsakani. Ina kiransa Mai Almakashi. Soyayyarmu ma da musu ta fara: shi ya ce gashi ciyawa ne, a sare ya sake tsirowa; ni na ce wanda ba ya da abin tajewa ba a tambayarsa ra'ayi.

Da yamma ya tsallako, ko rigar aikin bai cire ba.

"Zuciyata, me ya faru? Hajiya ta ƙi cin abinci."

"Ta faɗa maka ai."

"Ta ce wani kitso... Haba Auta! A kan gashi? Silin gashi za mu bari ya raba mu? Ki ce Innarki ta riƙe, ki karɓi almakashina, ƙyat ɗaya an gama."

"Ƙyat ɗaya?"

"Ki adana shi ma in kina so. Gashi fa mataccen abu ne."

Mataccen abu.

Ban san ina da hawaye masu yawa haka ba. Na faɗa masa komai, tun daga sheƙar tsuntsu har koren zare. Ya zauna a kan bencin masu jira, ya kasa kallona.

"Cewa ta yi za ta ƙarasa," na ce. "In na yanke, na ce mata na gaji da jira ke nan. In na ba wata mai kitso, ta ɗora hannunta a kan na Yaya... ba zan iya ba. Ka je ka auri wadda ba ta da matacce a ƙeya."

Can sai ya ɗago.

"Da wane hannu kika ce take yi?"

"Me?"

"Yayarki."

"Hagu. Ina ruwanka?"

Ya miƙe, ya kakkaɓe gashin da ke jikin rigarsa, ya fita. Ko sai anjima bai ce ba.

*

Makonni suka shuɗe.

Ya daina tsallakowa. In mun haɗa ido ya ɗaga hannu, shi ke nan. Ana idar da la'asar sai ya ja ƙofar shago ya rufe, alhali lokacin ne ya fi samun masu aski.

Ƙeyata kuma ta fara ciwo. Kitson ya yi nauyi, yana jan saiwa, wurin ya yi tsami.

Inna ta zauna a bakin gadona. "Auta, ni na haife ta. Kina ganin kin fi ni kewarta ne? Kawo in tsefe miki."

"Inna, ki yi haƙuri..."

"Za ki rasa miji, ki rasa gashin, ita kuma ba dawowa za ta yi ba."

Na sani. Amma ranar ma da tsakar rana ƙamshin ya cika shago, har na tambayi matar da nake wa kitso ko ta ji. Ta ce ita ba ta ji komai ba sai ƙaurin na'ura.

Sai ga Mai Gashin Doki, da sabon gashi har gadon baya, tana taunar cingam.

"Amaryar da ba a yi ba, sannu da aiki. Kin san inda angon naki yake zuwa kullum?"

Na ci gaba da kitsona.

"Gidan wata mai kitso! Wallahi na bi shi. In ya shiga, ba ya fitowa sai magariba. Kin ga ko shi ya san kan da ke tajuwa." Ta yi dariya. "Gwaggo na mota. Na ce a zo da ke, kowa ya gani, a huta."

Ita a tunaninta in ya kunyata a gaban uwarsa, ni kuma na fita, filin ya zama nata.

Na ajiye mataji na bi ta. Gara in gani in mutu sau ɗaya.

A mota Hajiya ba ta amsa gaisuwata ba.

*

Gida ne ƙarami a ƙarshen wani lungu. Mai Gashin Doki ta tura ƙofa ko sallama babu.

"Ga shi nan, Gwag..."

Maganar ta maƙale.

Yana zaune a kan 'yar kujera a tsakar gida, kan roba na koyon kitso a tsakanin gwiwoyinsa. An ɗaure masa hannun dama da ɗankwali a wuyan hannu, alamar kada ya fara da shi. Gumi ya jiƙa masa riga. A gefensa wata tsohuwa ce tukuf, riƙe da mataji a hannun hagu.

Ƙwas! Ta buga masa a yatsu.

"Na ce da hagu za ka ɗauko! Wannan kitso ne ko tufkar igiyar akuya?"

"Iya, yatsun ne ba sa jin magana..."

Ya ɗago ya gan mu. Kan robar ya suɓuce, ya gangara har gaban Hajiya.

Hajiya ta dubi kan, ta dubi ɗanta.

"Kai! Kai da ko maɓallin rigarka ba ka iya ɗinkewa? Me nake gani?"

"Koyo nake, Hajiya."

"Gari duka ya zagaye yana neman bahagiya," in ji tsohuwar. "Na ce ya kawo yarinyar in yi mata, ya ce a'a. Ban taɓa ganin ɗalibi mai taurin hannu da taurin kai irinsa ba."

Ya juyo gare ni, muryarsa ta yi ƙasa.

"Na san ba za ki miƙa wa baƙon hannu kanki ba, Auta. Na ce ko za ki miƙa wa mijinki. Ban faɗa miki ba don ina tsoron in yi alkawarin da zan kasa. An riga an yi miki ɗaya."

Na zauna a bakin rijiya.

"Wane alkawari?" Hajiya ta tambaya. "Wai me ake ɓoye min?"

A wannan karon na faɗa mata da bakina. Da na zo kan "gobe zan ƙarasa", ta rufe fuska da mayafi.

Ta daɗe a haka.

"Juya in gani, 'yata. Ba zan taɓa ba."

Na zame ɗankwali. Ta sunkuya ta duba, hannayenta a bayanta.

"Wurin ya yi ja. Ba zai jira watanni ba." Ta miƙe ta harari ɗanta. "Sai a matso da ranar auren. Kai kuma ka dage, kar ka je ka tsige min kan suruka."

"Gwaggo! Amma mutanen ɓoyen..."

"Ke, rufe min baki. Ki gyara abin kanki ma, ya karkace."

*

Bayan an ɗaura aure, da baƙi suka watse, wata safiya ya shimfiɗa tabarma kusa da taga. Na haɗa man da kaina, zaitun da kanumfari, yadda Yaya take yi. Na jingina madubi da bango na zauna a gabansa.

"Kin shirya, Zuciyata?"

"A'a. Amma fara."

Zaren ya fara taɓawa. Bai ma ja ba ya tsinke, ya sa min a tafin hannu.

Tsifar ta ci safiyar duka. Yana ɗiga mai, yana bi da tsinke sili sili, yana ba ni haƙuri ko ban ce wash ba. Gashin da ya zube tun bara yana ta fitowa, yana tarawa a gefe. Idona na kan madubi, a kan wurin da ke bayan kafaɗarsa.

Sai ya raba gashin uku.

Ya ɗauko da hagu.

Na ji jan ya kwanta ta inda ya saba kwanciya, ta inda ba wanda ya kwantar da shi tun ranar. Ya sauko a hankali, ya kai rabi... ya wuce. Ya wuce! Har ƙarshen jela.

"Na ƙarasa," ya ce.

Na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Ya bar ni na yi, hannunsa na kan kafaɗata.

Da na ɗago na duba madubi, shi kaɗai ne a bayana. Ƙamshin kuma daga yatsunsa yake fitowa.

Na shafa ƙeyata, dariya ta kuɓuce min cikin hawaye.

"Mai Almakashi, ya karkace."

"Kaɗan ne fa!"

"Da Yaya ta gani da ka sha mataji."

"To na ji. Bari hannuna ya huta, gobe zan gyara."

Na riƙo hannunsa na hagu da hannuna biyu, na mayar da shi kan ƙeyata.

"A'a. Yau."

Ya dube ni ta cikin madubi.

Ya warware, ya sake ɗaukowa daga farko.