Ɗaurin Hannu Ɗaya

Ranar da Dogo ya fara ganin Auta, ƙafafunta ya fara gani, domin yana kwance ne a ƙarƙashin motar wani. Da ya mirgino ya miƙe, sai ga budurwa riƙe da makulli, idanunta sun faɗa irin na mai jinya. A bayanta akwai wata tsohuwar mota ruwan toka, wani dattijo a kujerar baya ya jingina kai da gilashi.

"Sannu da aiki," ta ce. "Wani abu ke kaɗawa fat-fat a wajen tayar gaba, kuma baƙin mai duk ya ɓata cikin tayar."

Dogo makanike ne mai kyan hannu, duk garejin an shaida. Cutarsa ɗaya, bakinsa ba shi da birki. Ya sa jak, ya cire taya, ya leƙa. Robar shaf, wadda ke rufe gaɓar da ke juya taya don kada giris ya fita ko yashi ya shiga, ta daɗe da yagewa. Wani ya naɗe ta da leda da tsumma, ya ɗaure da igiyar roba, ƙullin duk a karkace.

Ya so ya burge ta, nan ya yanka wuyansa.

"Wane jahili ne ya yi miki wannan aikin? Da zan ga mai shi, da na karɓe sifanarsa na ba shi tsintsiya."

Auta ba ta yi dariya ba. Gilashin baya ya sauka a hankali. Dattijon ya dube shi, bakinsa ya karkace gefe ɗaya, hannunsa na dama a kwance kan cinya kamar ba nasa ba.

"Ni ne jahilin," ya ce da kyar. "Auta, tsayar mana da ta haya."

Bayan sun tafi mai walda na kusa ya matso. "Ka san wa ka zaga kuwa? Shekara talatin yana gyaran mota kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Ubangidanka ma a hannunsa ya koya."

Dogo ya zauna kwance ɗaurin. A bakin kowane ƙulli ya ga sawun haƙori ya nutse cikin robar. Da hagu ɗaya aka ja, aka riƙe ɗaya bakin da haƙori. Da ya zare shaf ɗin ya buɗe gaɓar, ko ƙwayar yashi bai samu ba. Ya wanke ta, ya cika sabon giris, ya sa sabuwar roba, sannan ya naɗe tsohuwar igiyar ya sa a aljihu. Kunyar da ya ji ranar bai taɓa jin irinta ba.

Ya rubuta wa lambar da ta bari: "Mota ta tashi. Ba ni da idon da zan kalli Baba, amma zan kawo ta. Ki ba shi haƙuri."

Ta amsa: "Kwana biyu ya yi yana wannan ɗaurin, don in samu abin kai shi asibiti. Tun da muka dawo bai ci komai ba. Ka ajiye makullin wurin Mama."

Magana zarar bunu ce, ya sani. Duk da haka kowane mako sai ya bi ta ƙofar gidansu ya duba mai da ruwa da iskar taya, bai taɓa neman shiga ba. Da farko Auta ta taga take kallonsa. Daga baya ta fara fitowa da ruwan wanke hannu.

"Sarkin Baki, yau wa ka zaga?"

"Na tuba, Direbata. Yanzu sai na ƙirga goma kafin in ce sannu."

"Ka ƙirga ashirin," ta ce, ta yi murmushin da bai taɓa ganin irinsa a fuskarta ba.

Wata biyar ana haka, so ya kama su, babu mai musu. Wata ranar ya tura mata: "Direbata, ba ni da komai sai hannu biyu da akwatin sifana. In kin yarda, duka naki ne da na Baba."

"Na yarda tun tuni," ta rubuto. "Saura mai gidan."

Ya tura kawunsa. Amsar da kawun ya dawo da ita gajeriya ce. Baba ya ce mutumin da ke yanke hukunci kafin ya kwance ɗauri ba zai ba shi 'yarsa ba, domin ranar da ta gaza, haka zai yi mata a gaban mutane.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai wani dillalin motoci, abokin yayan Auta, mai ƙamshin turare da yawan alkawari, shi ya fara zarya a gidan, idonsa na kan Auta. Wata safiya Dogo ya wuce ta filin dillalin, ya hango motar ruwan toka an manna mata takardar sayarwa. Zuciyarsa ta ce masa an gama, an musanya tsohuwa da sabuwa, shi ma an haɗa da shi. Ya daina amsa wayarta har kwana takwas.

A rana ta tara ta zo garejin da ƙafa, ta rame.

"Ka sake yi," ta ce. "Ka ga ɗauri daga waje, ka yanke hukunci. Baba ya faɗi a banɗaki, ya kwana huɗu a asibiti. Yaya ne ya kai motar ba da sanina ba, wai robar ɗaya ɓangaren ma ta fashe, ba ta da sauran amfani. Baba kullum sai ya tambayi ina take. Likita ya ce mu riƙa yi masa abin da yake so."

Dogo ya san ma'anar wannan maganar ta likita. Bai kare kansa ba, ya ɗauki akwatinsa.

Shi da Auta suka je filin dillalin suka karɓo motar. Da yamma tana tsakar gida kan jak. An fito da Baba a keken marasa lafiya. Dogo ya kwance babban noti, ya zaro shaf ɗin, ya shimfiɗa kwali a cinyar dattijon ya ɗora masa, sannan ya durƙusa.

"Baba, a koya mini."

Dattijon ya daɗe yana kallon ƙarfen. Can yatsunsa na hagu suka fara lalube.

"Wanke... har sai ya yi fari. Giris, tura da yatsa, kada ka shafa a baki kawai."

Dogo ya bi umarni ɗaya bayan ɗaya, ko da abin da ya sani ne tun yana ɗan koyo. Da aka zo matse ƙarfen da ke riƙe bakin robar, Baba ya kama filaya, ya kasa matsewa. Dogo ya ɗora hannunsa a kan nasa suka matse tare. Daga nan ya ciro tsohuwar igiyar daga aljihu.

"Na kwance ɗaurinka, Baba. Ko ƙwayar yashi ban samu ba. Ni da hannu biyu ba zan iya shi ba."

Baba ya shafa sawun haƙoransa da babban yatsa. Hawaye ya gangaro ta gefen fuskar da ba ya motsi, Auta ta juya baya tana kuka.

"Ka kwance kafin ka yi magana?" Baba ya tambaya.

"Bayan na yi, Baba. Shi ne laifina."

"To ka riƙe wannan. Ita ma Auta, ranar da ka ga ta karkace... ka fara kwancewa." Ya numfasa. "Ka turo kawunka."

Saura kwana goma sha ɗaya biki Baba ya rasu, bayan ya yi wa ƙaninsa wasiyya kada a ɗaga ko da yini ɗaya. Aka ɗaura auren ba kiɗa ba taro, masu zuwa barka su ne masu zuwa ta'aziyya.

A tsohuwar motar aka ɗauki amarya. Mama ta leƙo ta taga, ta ga igiyar robar rataye a jikin madubi.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari," ta ce. "Allah ya jiƙan mai motar."

"Amin, Mama," in ji Dogo.

Ya tayar da injin. Auta ta waiga kujerar baya, inda ba wanda ya yarda ya zauna, sannan ta ɗora hannunta kan nasa a bisa giya. Suka sha kwanar farko, tayar gaba ba ta yi ƙara ba.