Tsamin Cikin Zaituna

"Kada ki motsa, Zaituna!" in ji likita.

Ina ma zan iya motsin? Siririn tiyo ne aka zura min ta hanci har ƙaramin hanjina, aka haɗa bakinsa da wata na'ura mai allura kamar ta agogo. Wai zan sha kunu, su auna tsamin da ke gangarowa daga cikina lokacin da abinci ke narkewa.

Tun farkon damina nake ramewa. Maiturare, 'yar kawun saurayina Mijinyawa da ta daɗe tana sonsa, ta baza a Rogo cewa ƙanjamau ce da ni. Gidan su Mijinyawa suka ce a fasa aurenmu, ƙawayena na Unguwar Hajji suka ɗauke ƙafa. Shi kaɗai ya tsaya, ya haɗa ni da yayata ya kawo mu asibiti Kano.

Gwajin jini ya wanke ni, amma wa zai yarda alhali ramar tana nan?

"Daure, tawan..." ya faɗa a hankali. "Ina nan."

Sai aka banko ƙofa.

Inna Kande, mahaifiyarsa!

"Tashi mu tafi! Kashe min kanka za ka yi?"

"Inna, don Allah ki yi haƙuri..." in ji Mijinyawa.

Na so in gaishe ta, tiyon ya shaƙe ni. Na so in ɓoye fuskata, ba hali. Hawaye kawai ke gangara cikin kunnena.

"Baba, awon zai lalace in ba ta sha kunun nan yanzu ba," in ji likita. "Sai wani ya ba ta, kada ta motsa."

Mijinyawa ya miƙa hannu, Inna ta buge shi. Ta daɗe tana kallon ƙasusuwan wuyana, sannan ta ɗauki kofin ta kai bakina.

"Sha, 'yar nan."

Na sha. Can allurar ta karkata, ta ƙi dawowa. Likita ya ce tsamin cikina ne ya yi yawa, yana ƙone hanjin, shi ya hana abinci kama jikina. Ba a ɗauka, kuma akwai magani.

Inna ta ajiye kofin. Ta goge min baki da gefen mayafinta.

Ta juya ta harari ɗanta.

"Kai kuma fita ka ba mu wuri, mara kunya. Ai sai bayan cirar gyaɗa za a ɗaura!"