Kiran Juma'a Daga Tudun At-Bashi

Begimai tana tsame borsok, wato 'yan ƙullin fulawa da ake soyawa, daga tafasasshen mai lokacin da mijinta Eldiyar ya shigo kicin, kwat ɗin ofis a jikinsa, a kansa kuma hula mai raga irin ta masu kiwon zuma. Dariya ta zo mata, amma ta danne ta.

"Ka ajiye aikin ke nan?"

"Na ajiye. Manaja ya ce in je a duba mini ƙwaƙwalwa."

"Da ka karɓi adireshin likitan."

Ya cire hular ya zauna yana murmushi. Rabon da ta ga wannan murmushin har ta manta. Shekara tara ya yi a banki, a hawa na uku, gefen wata taga da ba ta buɗuwa. Ya kan dawo gida da ciwon baya, ya ci abinci ba magana, ya kwanta ba barci. Sai bara kawunsa na garin At-Bashi, can cikin tsaunuka, ya rasu, ya bar masa akwatunan zuma sittin da wata tsohuwar tirela da ake kwana a ciki. Tun cikin hunturu Begimai ta ce ta amince, amma a lokacin zance ne kawai ake yi a kan shayi.

"Filis, Eldiyar, kada Ata ya ji gobe. Bari a gama walimar tukuna."

Ta manta da halin mutanen birninsu, Bishkek. Kafin a yanka ragon walima, labari ya riga su isa gidan iyayenta.

Mahaifinta, Joldosh, wanda suke kira Ata, ya cika shekara sittin da uku, kuma ya tara dangi da tsofaffin abokan aikinsa. Mutum ne da ya yi shekara talatin da biyar a bayan tebur, kuma ko shagon unguwa ba ya zuwa sai da gogaggen takalmi. Da aka kawo nama, ya fara rabo da hannunsa yadda aka saba: kan rago ga dattijon da ya fi kowa shekaru, ƙashin ƙugu ga mai bi masa. Ƙirji kuwa na mijin 'ya ne, yaro ma ya san wannan. Shekara huɗu Eldiyar ne yake karɓarsa da hannu biyu.

Ata ya ɗaga ƙirjin, ya tsallake hannun Eldiyar da ke miƙe, ya ajiye shi a gaban Mirbek, saurayin ƙanwar Begimai, wanda ko aure ba a ɗaura musu ba. Mirbek ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ma'aikacin banki na ba 'yata," in ji Ata, yana goge yatsunsa. "Wannan mai bin ƙuda a daji ban san shi ba."

Begimai tana bakin ƙofa da butar shayi. Ta ga mijinta ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa. Bai tashi ba har aka shafa addu'a.

Da baƙi suka watse Ata ya yanke hukunci. Begimai za ta zauna a gidan ubanta har ranar da mijinta zai dawo hankalinsa ya koma ofis.

"Ata, ba sata zan je yi ba," in ji Eldiyar. "Aiki ne."

"Ni za ka gaya wa aiki? A cikin tumaki aka haife ni, yaro. Sanyin dutsen nan ya cinye wa ubana yatsun ƙafa uku. Da ƙyar na fito da zuri'ata daga can, kai kuma ka zo da digirinka za ka mayar mini da ita?"

A bakin get Eldiyar ya riƙe hannun matarsa.

"Ki zo mu tafi, Begimai."

"Ba zan iya tsallake maganarsa ba. Ka ba ni lokaci — zan shawo kansa."

"Can babu netwok. Amma akwai tudun da ake samu, tafiyar awa biyu a ƙafa. Duk Juma'a bayan azahar zan hau in kira ki."

Ta gyaɗa kai tana hawaye.

Juma'a uku ya kira. Tana jin iska tana kaɗawa a bayan muryarsa, yana ba ta labarin furen da ya rufe kwari, da yadda zuma ta harbe shi a fatar ido har ya kwana biyu yana kallon duniya da ido ɗaya. Ta yi dariya, ta ƙare da kuka. A Juma'a ta uku Ata ya shigo ya same ta a haka.

"A gidana ba za a riƙa kuka a waya ba. Kawo ta."

Ya miƙa wa mahaifiyarta wayar, sannan ya sa Begimai ta yi masa alkawarin ba za ta nemi mijinta ta kowace hanya ba. Ta yi, don ba ta taɓa koyon ce wa mahaifinta a'a ba. Abin da ba ta ji ba shi ne umarnin da ya ba uwar a ɗaki: idan ya kira, a ce masa Begimai ba ta son magana da shi. A lissafin Ata, sati biyu sun isa su sauko da yaron.

Daga nan kwanaki suka yi mata tsawo. Malamar makaranta ce, ga shi ana dogon hutu, babu ko hayaniyar yara da za ta ɗauke mata hankali. Ta koma ɗakinta na 'yanmatanci, kan ƙaramin gadon da ƙafarta ke taɓa ƙarshensa. Da safe ta yi shara, da rana ta zuba wa baƙi shayi. Gwaggwanni kuwa, Allah ya ba su lafiya, ba su taɓa ziyartar gidan nan kamar wannan bazarar ba.

"Har yanzu yana can da ƙudajensa?"

"Ke kuma ga kyau ga ilimi. Gara da ba a haihu ba tukuna."

Ta kan yi murmushi ta ƙara musu shayi. Ranar Talata takan karɓi izini ta je gidanta ta ba furanni ruwa. Sai ta zauna a kicin ita kaɗai, kofi biyu a gabanta, na biyun babu komai a ciki. Rigunansa na ofis suna rataye a jere, a goge, babu mai sa su. Ta yi kewarsa har abin ya koma mata ciwo a ƙirji, kuma babu wanda za ta gaya wa, don duk wanda ta sani yana bayan Ata.

Duk Juma'a da yamma takan tsaya a ƙofar kicin.

"Apa, ya kira?"

"Bai kira ba," in ji uwar, idonta a kan tukunya.

Haka Apa take gaya wa maigidan ma. A karon farko ta faɗa masa gaskiya, ya yi ta faɗa har hawan jininsa ya tashi. Daga nan ta zaɓi zaman lafiya, ta ce yaron ya daina. Irin wannan zaman lafiyar na iyayenmu mata, sau da yawa 'ya'ya ne suke ɗaukar nauyinsa.

Begimai ta fara yarda cewa Eldiyar ya yi fushi. Me zai hana? An wulaƙanta shi a gaban jama'a tana tsaye da buta, ya ce ta zo ta ƙi. Duk da haka, da Ata ya kawo maganar rabuwa a ƙarshen watan Agusta, ta durƙusa a gabansa.

"Ata, duk abin da ka ce na yi. Wannan ɗaya ba zan iya ba. Ko bai kira ba, mijina ne."

"Namijin da ya yi wata biyu bai nemi matarsa ba? To, shirya. Gobe zan kai ki ki ji daga bakinsa, a gama."

Da asuba, suna shirin shiga mota, Apa ta rungume ta, ta zura mata wayarta da Ata ya ƙwace a aljihun riga.

"Ko za ku buƙata a hanya," ta ce, ta juya da sauri.

Sun wuce garin Narin kafin azahar. Daga At-Bashi suka bar kwalta suka bi hanyar ƙasa zuwa kwarin da Eldiyar ya kwatanta mata. Babu kowa a wurin. Sai shaidar akwatuna a jere, inda ciyawa ta yi rawaya, da tokar murhu da ruwan sama ya daka. Begimai ta tsaya a tsakiyar filin, ta ji kamar gidanta ne aka kwashe ba a gaya mata ba.

Wata mata da ke tatsar goɗiya a gaba kaɗan ta nuna musu sama da haɓa.

"Mai zuma? Fure ya ƙare a nan, ya bi shi can sama. Mutumin kirki, sai dai ba ya magana. Ku danginsa ne? Ai na ɗauka ba shi da kowa."

Suka kama hanyar da ta nuna musu.

Sun sami tirelar a bakin wani rafi, akwatuna a jere, zuma tana ta kai da kawo. An kulle ƙofa. A waje akwai kujera ɗaya da kofi ɗaya a kife. Ata ya kare ido da hannu ya dubi tsaunuka, irin duban da Begimai ba ta taɓa ganin ya yi ba.

"Ga mutum can a kan tudu. Tun da ya ƙaura, tudun da yake hawa ya yi kira ya matso masa. Mu je."

Hawan ya ci su kusan awa ɗaya. Gogaggen takalmin Ata ya yi ta zamewa, yana haki yana tsayawa, amma ya ƙi a riƙe shi. Saura kamar taku hamsin suka hango Eldiyar sosai. Ya ba su baya, ya rame, rana ta ƙona masa wuya, yana ɗaga hannu sama yana neman netwok. Sai a lokacin Begimai ta tuna ranar Juma'a ce.

Wayar ta yi ƙara a aljihunta.

Ta ciro ta, ta dubi mahaifinta. Ya karɓa ya danna, ya buɗe murya yadda su biyun za su ji. Iska tana busowa daga wajen Eldiyar, bai ji motsinsu ba.

"Apa, ina wuni, ni ne kuma. Na sani, ba ta son magana, ba sai kin sake faɗa ba, na ji yana yi miki nauyi. Yau Juma'a ta tara ke nan. Ki ce mata kawai ina lafiya. Ya jikin Ata? Yana shan maganinsa? Na ware masa farar zuma ta farkon tatsa, amma kada ki ce daga wajena take, ba zai sha ba." Ya sassauta murya. "Apa... ko tana kusa? Ba sai ta yi magana ba. Ki ɗan kai wayar inda take."

Begimai ta toshe bakinta da gefen ɗankwali, kuka ya ci ƙarfinta. Ba ta nemi izini ba wannan karon. Ta haura sauran takun da gudu, tana kiran sunansa. Ya juyo, wayar tana kunnensa, ya kasa gane abin da yake gani, sai da ta riƙe rigarsa da hannu biyu.

"Kullum sai na tambaya," take cewa. "Wallahi kullum sai na tambaya."

Ata ya zauna a kan dutse, wayar a tafin hannunsa. Ya daɗe a haka. Da suka sauko wajensa, Eldiyar ya sunkuya ya miƙa hannu biyu, Ata ya karɓa, ya ji kantar da ta fito a tafin, bai sake shi da wuri ba.

"Sau tara ka hau nan don a ce maka ba a son ka?"

"Na ce mata zan kira, Ata."

"Ni na sa a gaya maka haka. Ita ba ta taɓa faɗa ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Na zo yau ne in raba ku."

Suka sauko tare, kuma a gangaren Ata ya yarda ya dafa kafaɗar surukinsa.

A bakin tirela ya sha shayi a kofi ɗayan da ke akwai, ya leƙa ciki, ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa, ya ce kafin sanyi a ƙara masa bargon ulu ta ciki. Sannan ya miƙe ya nufi mota. Begimai ta bi shi a baya kamar yadda ta saba, ta kai hannu za ta buɗe ƙofa.

"Ina za ki?" ya ce, bai kalle ta ba. "Makaranta sai nan da kwana goma. Zan sa uwarki ta aiko miki da kayan sanyi a motar madara."

Ta tsaya tana kallon motar har ta sha kwana a bayan dutse. Wannan karon da ta juya, akwai wanda yake jiranta.

Iyaye suna guje wa 'ya'yansu wahalar da su suka sha, kuma ba laifi ba ne. Laifin shi ne a auna mutum da kujerar da yake zama a kai, a manta da duba ko yana cika abin da ya faɗa. Begimai ta yi haƙuri ba ta saɓa wa mahaifinta ba, ba ta kuma saki mijinta ba. Eldiyar ya yi haƙuri bai rama wulaƙanci ba. Allah bai bar haƙurin ya tafi a banza ba.