Matakalar Gidan Bibi Mwanahawa

Da magariba na ɗauki kwanon shinkafar kwakwa da kifi zan kai wa kakata, Bibi Mwanahawa. A ranar ne ƙaramar hukuma ta kafa allon tagulla a ƙofar gidanta, wai ya shiga sahun gidajen tarihi na tsibirinmu. An yi tafi, an sha shayi. Kansila Athman har da sabuwar hula.

Abin da ba a faɗa a jawabi ba shi ne bangon. Tun kafin a haifi Bibi aka toshe matakalar bene da bangon dutse da farar ƙasa, wai saboda aljanun da ke sama. Masana suka ce ba ya cikin ginin asali, sai a rushe. Bibi ta roƙe su har da hawaye.

"Haba Bibi," in ji Athman, "aljanin ma ai ya tsufa, ya yi ritaya."

Suka rushe.

Na iske lungun tsit, ko jakunan da ke kwana a bakin ƙofa babu. Na tura ƙyaure. Warin lakar teku ya buge ni, haɗe da ƙamshin wani turare da ban sani ba.

Tana zaune a tabarma, ta ba fitila baya.

"Bibi, ga abinci."

"Ajiye, Zuhura. Matso kusa."

Na matso. Gefen zanenta sharkaf, ruwa na ɗiga a daɓe. Ɗis. Ɗis.

Sai aka yi tari a sama. Tarin da na sani tun ina goye.

"Zuhura?" Muryar Bibi ce, daga bene, a raunane. "Da wa kike magana a ƙasa?"

Na dubi matakalar.

Wadda ke kan tabarma ba ta waiwayo ba. "Kar ki amsa," ta ce cikin raɗa. "Iska ce."

"Na hau in ba su haƙuri ne," in ji muryar sama. "Na kasa saukowa. Gudu, 'yar nan!"

Aka damƙe min hannu. Sanyi kamar kifin da ya kwana a ruwa. Yatsun Bibi ciwon gaɓɓai ya lanƙwasa su tun da daɗewa.

Waɗannan miƙaƙƙu ne.

Na fizge, na bar mata mayafina. Ban san da ƙafa na isa masallaci ko da rarrafe ba.

Washegari na kawo kawunnaina biyu da liman. Muka hau. Ƙura ce kawai da kashin jemage. Muna saukowa waccan ta kan tabarma ta tare mu da gahawa tana dariya: "Yarinyar nan miji take so, ku yi mata aure."

Na je wurin Athman. Ya ce in nemi magani. Cikin satin hukuma ta sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo a matakalar, kada baƙi su lalata ta. Doka ta hana a taɓa ko tsakuwa a gidan.

Yanzu ita ke tarbar baƙi, ba sanda, ba tari. Kowa na cewa karramawar ta mayar da ita yarinya.

Ni kuwa kullum magariba ina tsaye a bayan gidan, ƙarƙashin tagar bene. Ina jin Bibi, ba na iya kai mata komai, kuma wallahi abin yana cin raina. Da, sunana take kira. Yanzu ta daina.

Ruwa kawai take roƙo.