Ɗankwali a Bakin Ƙararrawa

"Iya, wa ya sake ɗaure mata baki?" Wani ma'aikacin kashe gobara ya fizge ɗankwali daga jikin ƙararrawar hayaƙin da suka saka mata a ɗaki.

Tsohuwa ta harare shi. "Ni ce. In sa turaren wuta, ihu. In soya manja, ihu. Gidan ubanta ne?"

Ya fita yana huci, ita ma tana huci.

Washegari tana daka a waje, jikanta na barci a ɗaki, kaskon turare ya kama labule. Sai ihu. Ta yar da taɓarya, ta suro yaron.

Har yau zagin ƙararrawar take fa, amma ɗankwalin yana kan Iya. To, ta gidanku fa, wa ya ɗaure mata baki?