Firam Ɗin da Ya Fito Baƙi

Ƙarfe huɗu na yamma aka bugo ofishin 'yan sanda: an tsinci tsohon nan mai haɗa haƙora a mace a wurin aikinsa.

Shagon ɗaki uku ne a jere. Na ƙurya shi ne ɗakin zubin ƙarfe, matsattse, ba taga. Nan Sufeto ya tarar da gawar a kife kusa da wata doguwar tukunyar gas. Ba rauni, ba jini.

"Hawan jini ne, yallaɓai," in ji Sajan.

"Kai komai hawan jini ne. Wanda mota ta take ran nan ma haka ka ce."

'Yar marigayin na tsaye a bakin ƙofa. Ita ke tsara siffar haƙora da kaki kafin a zuba ƙarfe.

"Kada ku durƙusa a ciki," ta ce. "Iskar agon ce. Ba ta da wari, ƙasa take kwanciya. Mutum ba ya jin komai sai ya faɗi."

"Me ake yi da ita?"

"Firam ɗin da ke riƙe haƙoran roba muke zubawa da ƙarfen titaniyam. In ya narke ba ya shiri da iska. Sai an cika injin zubi da agon, in ba haka ba ya lalace."

Sufeto ya duba agogon tukunyar. Allura ta kwanta, ba sauran gas.

"Yaushe aka kawo ta?"

"Jiya. A cike."

Ya sa 'yar ta fasa mazubin da ke cikin injin. Firam ɗin ya fito baƙi ƙirin. Da ta lanƙwasa maƙatarsa, sai ta karye kamar busasshen tsinke.

"Iskar ba ta shiga injin ba ke nan," ta ce a hankali. "Ɗakin ta cika. Shi kuma Baba ya sunkuya neman inda take yoyo."

A ɗakin tsakiya ƙanen marigayin yake zaune gaban injin gogewa. Furfura ta cinye kansa, amma har yau Auta ake ce masa.

"Malam, ina kake da abin ya faru?"

"Nan nake. Shekara ashirin da shida nan nake."

"Ka shiga ɗakin zubi yau?"

"Ni? Yaya ba ya barin kowa ya taɓa injinsa. Ni dai in ya zuba, in goge. In ya yi kyau a yabe shi, in ya yi kaushi a neme ni."

"Ba ka ji komai ba?"

"Wannan injin ko aradu ba ya bari a ji."

Sufeto ya koma ƙurya, ya sa Sajan ya haska masa bayan tukunyar. Notin da ke riƙe tiyo a kwance yake, an warware shi zagaye biyu. A cikin zaren notin akwai wani abu kore mai maiƙo. Ya lakato a takarda ya nuna wa 'yar.

"Man gogewa ne," ta ce. "Baba ba ya taɓa shi. Yana ɓata masa mazubi."

Sufeto ya jawo kujera gaban Auta.

"Miƙo hannunka."

Ƙarƙashin kowane farce kore ne. Sufeto ya ajiye takardar kusa da hannun.

Auta ya kashe injin. Shagon ya yi tsit.

"Zagaye biyu kawai na yi," ya ce. "Idon Yaya ya mutu, hannunsa na rawa, amma ya ƙi ba ni. Na ce bari zubi ɗaya ya lalace a hannunsa, ya ji kunya, ya ce Auta zo ka gwada. Sau ɗaya. Na iya, wallahi na iya. Ta ramin ƙofa na koya."

"Baffa," in ji 'yar, "ka san ɗakin ba taga."

"Na sani. Na zaci zai ga allura ya fito yana faɗa."

"Ka ce ba ka ji komai ba," in ji Sufeto.

Auta ya juyo gare shi.

"Ya kira ni. Sau biyu. Ya ce, Auta. Na zaci zagi ne zai biyo baya, sai na ƙara wa injin gogewa gudu."

Sajan ya fito da ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ba inda wannan mutumin zai gudu.

A bakin ƙofa Auta ya tsaya ya waiwayo.

"'Yata, ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Tana tsince gutsattsarin firam ɗin ɗaya bayan ɗaya.

"Jiya ya ce mini bayan wannan zubin zai bar maka injin," ta ce. "Kunyar faɗa maka yake ji."

Sai da Sajan ya riƙe masa kafaɗa kafin ya iya sauka daga matakala.