Keken Sabitu

Ranar wata Lahadi da azahar, a cikin ranin shekarar 1988, wani dogon mutum sanye da kwat ta zuwa coci ya shigo caji ofis na Dutsin-Ma yana haki. Insfekta Mahmuda ya san shi. Malam Obadiya ne, malamin motsa jiki, wanda ke horar da samari tseren keke a kan hanyar Kurfi.

"Yallaɓai, an fasa mani sito ina coci. An ɗauke keken Sabitu."

"Zauna, Malam. Keke ɗaya?"

"Ɗaya, amma na tsere ne. Jibi za mu tafi Maraɗi da shi."

Malam Obadiya ya yi bayani. Za a yi gasar matasa 'yan ƙasa da shekara goma sha takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Irin tseren da ba a tashi tare ne. Kowa shi kaɗai ake saki, agogo ne ke faɗin wanda ya ci. Da aka yi gwajin fitar da gwani daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, Sabitu, wani maraya daga Dabawa, shi ya zo na ɗaya. Sharaɗin tafiya shi ne kowa ya zo da kekensa.

"Wanda ba ya da keke fa?" in ji Insfekta.

"Sai na biyu ya tafi. Ɗan'auta ke nan, yaron Kurfi. Shi ma ɗalibina ne."

Insfekta ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Ernest, suka shiga Landiroba.

Siton yana bayan gidan Malam Obadiya. An ɓalle kwaɗon da ƙarfe. A bakin ƙofa suka tarar da Sabitu, siririn saurayi dogo, yana tsaye ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ya gaida Insfekta da murya ƙasa-ƙasa.

A ciki akwai wani keken tsere ja, sabo ƙal, jingine da bango.

"Wannan na wa?"

"Na Ɗan'auta," in ji Malam Obadiya. "Wansa Atiku ya sayo mashi a Kano. Direba ne, yana dakon tumatir daga Zobe."

"Wanda aka ɗauke fa, ya fi wannan kyau?"

"Ina! Tsohon kekena ne na ba Sabitu, da shi na yi tsere a Jos ina saurayi. Fentinsa ma ya koɗe."

"Sabitu ba zai hau wannan ba?"

"Ya yi mashi gajarta. Gwiwarsa za ta riƙa dukan kan keken."

Insfekta ya daɗe yana kallon jan keken. Ɓarawon da ke neman abin sayarwa ba zai bar sabo ya ɗauki tsoho ba.

Da la'asar suka isa Kurfi. Sun sami Ɗan'auta a zauren gidansu yana zaune kan tabarma, idanunsa sun yi ja. Da ya ga kaki sai ya miƙe.

"Kai ne Ɗan'auta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"An shiga siton malaminku yau."

"Ranka ya daɗe, a ba Sabitu nawa. A ɗaga mashi sirdi. Ni ba ni zuwa Maraɗi."

Insfekta ya dube shi.

"Ban ce maka an ɗauki na Sabitu ba."

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Tsammani na yi."

"Ina wan naka Atiku?"

"Yana Kano. Tun Asabar ya tafi da kaya."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Insfekta bai matsa masa ba. Da suka koma mota, Kofur Ernest ya ce a tafi da yaron, ai ya san wani abu.

"Ya sani," in ji Insfekta. "Amma ba shi ya ɗauka ba. Wanda ya yi sata don ya tafi ba ya cewa ya fasa tafiya."

Washegari da safe suka dawo Kurfi, suka tsaya a tasha. Shugaban direbobi, wani dattijo mai farin gemu, ya ba su benci.

"Alhaji, motar Atiku ta yi lodin Kano ranar Asabar?"

"Wane Kano? Jiya da hantsi a nan ya sha mai. Kwandunansa ma ba komi a ciki."

"Ina ya nufa?"

"Dutsin-Ma. Ya ce daga can zai wuce gonarsa ta Zobe. Yallaɓai, Atiku ba mutumin banza ba ne. Shi ya riƙe ƙanen nan nashi tun rasuwar ubansu."

"Na ji, Alhaji. Mun gode."

Rana ta take lokacin da suka isa bakin dam ɗin Zobe. Gonakin rani sun yi kore shar, ana ta ban ruwa. Wani masunci ya nuna musu gonar Atiku. Farar a-kori-kura tana tsaye gefen wata bukkar kara, kusa da ita kuma an yasar da wani tsohon keken hawa a ƙasa, tayarsa duk laka.

Tun kafin su ƙarasa suka ji muryoyi.

"Yaya, ka bari in maida shi. Don girman Allah."

"Ka maida shi ka ce a ina ka samo?"

Insfekta ya zagaya bayan bukkar. Ɗan'auta ne, rigarsa sharkaf da zufa. Daga Kurfi ya tuƙo tun da asuba. Yana riƙe da kan wani siririn keke mai koɗaɗɗen fenti, wanda rabinsa ke cikin tulin kwanduna da buhuna. Atiku, ƙaƙƙarfan mutum mai kusan shekara talatin, yana riƙe da sirdin.

Duk suka saki. Kofur Ernest ya tare keken kafin ya faɗi.

"Malam Atiku, an ce kana Kano."

"Jiya na dawo, Yallaɓai. Wannan kuma ban san yadda aka yi ya zo nan ba."

Ɗan'auta ya matso, ya miƙa hannuwansa biyu.

"Ni na ɗauka, ranka ya daɗe. Ni na kawo shi nan."

"To," in ji Insfekta. "Kofur, kawo ankwa."

Kofur ya ciro ankwar. Ƙarar ƙarfen kawai Atiku ya ji, sai ya shiga tsakani.

"Kada ku taɓa shi. Ƙarya yake yi. Ni ne."

Ya zauna a kan wani kwando, ya cire hula.

"Na san Malam Obadiya yana coci ranar Lahadi. Da ƙarfen cire taya na ɓalle kwaɗon. Ban yi niyyar sayarwa ba, Allah ne shaidata. Na ce in sun tafi sai in maida." Ya share fuska. "Yallaɓai, kullum da asuba ina bin yaron nan a baya da mota yana gudu, ina haska mashi hanya. Ranar gwaji, da ƙyar aka wuce shi. Na so in ji an kira sunan ubanmu a rediyo. Da na koma gida na faɗa mashi ya shirya, tafiya tasa ce, sai ya fashe da kuka. Ya ce ko an ɗaure shi ba ya zuwa."

Insfekta ya sa aka ɗora keken a bayan Landiroba, aka shimfiɗa masa buhu. Ɗan'auta ya zauna kusa da shi yana riƙe da shi har Dutsin-Ma. Kofur Ernest ya biyo su da a-kori-kurar, Atiku a gefensa.

A caji ofis, Malam Obadiya da Sabitu suna jira, tare da wata tsohuwa mai lulluɓi. Gwaggo Turai ce, wadda ta raini Sabitu. Tun da ta ji labari ta taso daga Dabawa.

Malam Obadiya ya durƙusa gaban keken. Ya juya feda, ya duba sarƙa, ya matsa birki. Ya ɗago, idonsa cike da ƙwalla.

"Ko sifok ɗaya na taya bai lanƙwashe ba. Yallaɓai, ban san abin da zan ce maka ba."

"Allah ya raya maka zuri'a, ɗana," in ji Gwaggo Turai. "Allah ya tsare ka a aikin nan."

"Amin, Gwaggo. Amma ga wanda ya fi ni wahala." Insfekta ya nuna Ɗan'auta, wanda ya raɓe a jikin bango.

Sabitu ya je ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Da ka yi shiru, da kai za ka tafi," in ji Sabitu.

"Ka wuce ni a hanya, kowa ya gani. Ka je ka wuce su."

Sabitu ya juyo wajen Insfekta.

"Ranka ya daɗe, tunda an samu, ba za a bar Yaya Atiku ba? Sau da yawa shi ke ba ni ruwa in muna horo."

"An fasa ƙofa, Sabitu. Sai ya je gaban alƙali. Amma zan faɗa wa alƙali abin da ka ce, da yadda ya amsa laifinsa da bakinsa."

Atiku yana tsaye a bakin kanta, ya ji duka. Ya roƙi Kofur makullin motarsa, ya miƙa wa Malam Obadiya.

"Malam, ka yafe mani. In kuka bi motar haya za su danne keken da kaya. Ku tafi da tawa. Ku tafi da Ɗan'auta kuma, ya iya ɗaure keke."

Malam Obadiya ya karɓa.

"Na yafe, Atiku. Na kuma gode."

Kofur Ernest ya taɓa kafaɗar Atiku. Atiku ya cire takalmansa ya ajiye a kan kanta, ya bi shi cikin ɗakin tsarewa.